Daga Singafo Zuwa New York: Kilomita Nawa Ne Tsakani?

Gardama ce ta haifi wannan rubutu, kuma a teburin mai shayin da ke bayan hostel ɗinmu aka yi ta. Wani abokinmu ɗan sashen lantarki, wanda datarsa ba ta ƙarewa sai a kallon jiragen sama a Flightradar24, shi ya miƙo mana waya. Ya ce ku duba wannan, jirgi ne ya taso daga Singafo za shi New York ba tsayawa, sama da awa goma sha takwas yana sararin sama. Awannin ba su ne suka ɗaure mana kai ba, layin da jirgin ke zanawa a taswira ne. Maimakon ya miƙe sak, sai ya lanƙwashe kamar lauje, ya hau ta wajen Japan, ya doshi Alaska.

Nan take wani ya ce ai zagayen cuta ne, irin wanda mai adaidaita sahu ke yi da baƙo don ya ƙara masa kuɗi. Wani ya ce a'a, teku suke tsoro. Aka yi yarjejeniya cewa duk wanda maganarsa ta faɗi shi zai biya kuɗin shayin gobe, sannan aka juyo kaina tunda ni ne ɗan safiyo a wurin. Na gyara zama na ce duniya ƙwallo ce, gajeriyar hanya tsakanin garuruwan nan biyu ta ƙurewar arewa take, ku zuba ido can jirgin zai bi. Washegari mutumin ya nuna min hanyar da jirgin ya bi daga farko har ƙarshe. Ko kusa da ƙurewar arewa bai je ba. Ni na biya shayin, har da indomi da ƙwai na mutum biyu da ba su ma cikin gardamar.

Rabin maganata daidai ne, rabi kuskure. Kunyar rabin nan ce ta sa na zauna na bi abin daki-daki.

Mu fara da adadin. Nisan da aka fi bugawa tsakanin filin jirgin Changi na Singafo da filin JFK na New York shi ne kilomita 15,349. Za ka ga wasu sun rubuta 9,537, wasu 8,288, kada ka ɗauka saɓani ne. Na farkon kilomita ne, na biyun mil ne irin na Amurkawa mai mita 1,609, na ukun kuma mil ɗin teku ne mai mita 1,852, wanda matuƙa jiragen sama da na ruwa ke aiki da shi. Nisa ɗaya ne da mudu uku. Don abin ya zauna a kai: Kano zuwa Legas a mota kusan kilomita dubu ne, to ka yi wannan tafiya sau goma sha biyar a jere. Kano zuwa Jidda a sama kimanin kilomita 3,400 ne, wannan kuwa ya ninka ta sau huɗu da rabi. Kuma babu wurare biyu a doron ƙasa da nisansu ya wuce kimanin kilomita 20,000, don daga nan ka fara dawowa ta ɗaya gefen. Ke nan jirgin nan yana cin kashi uku cikin huɗu na iyakar nisan da duniya za ta iya bayarwa.

Tambayar ita ce, ta ina aka ja igiyar awon da ta ba da 15,349?

A nan taswira ke yaudararmu. Wadda muka taso muna gani a bangon aji tun firamare, asalinta aikin wani mutum ne mai suna Gerardus Mercator, ya fitar da ita a 1569 domin matuƙa jiragen ruwa. Tana da amfaninta: idan ka ja layi miƙaƙƙe a kanta, ka saita kamfas a kan kusurwar layin ka riƙe, za ka isa inda kake so. Amma sai da aka biya farashi. Ɓare lemo ka yi ƙoƙarin shimfiɗa ɓawon a kan tebur. Ko dai ya yage, ko ka ja shi ya buɗe. Mercator ja ya yi, kuma inda ya fi ja shi ne can sama da can ƙasa. Shi ya sa tsibirin Girinlan ke fitowa kamar ya kai Afirka girma, alhali Afirka ta ninka shi kusan sau goma sha huɗu. Taswirar da ta kumbura arewa haka, dole duk hanyar da ta bi ta arewa ta fito doguwa kuma a karkace, ko da ita ce mafi gajarta a zahiri.

Gwajin da ya fi kowane bayani sauƙi ne. Samu ƙwallon ƙafa da zare. Ɗiga alama biyu nesa da juna, ɗora zaren a kansu ka ja shi ya yi tsam. Inda zaren ya kwanta, nan ce gajeriyar hanya. Da za ka ci gaba da zagaya zaren har ya dawo inda ya faro, zai raba ƙwallon gida biyu daidai wa daida, kamar ka yanka lemo ta tsakiyarsa. Wannan zobe shi ake kira babbar da'ira, kuma kusan duk nisan jirgi da ka gani a intanet, a kan babbar da'ira aka auna shi. Masallatan New York sun san wannan a aikace. A taswirar bango Makka tana kudu maso gabas da su, amma alƙiblarsu arewa maso gabas take kallo, wajen digiri 58 daga arewa, don ta nan zaren ya kwanta.

Kuma lissafin bai fi ƙarfin kalkuletar da ke aljihunka ba. Kowane wuri a duniya yana da lamba biyu: latitud, wato digiri nawa yake arewa ko kudu da ikweta, da longitud, wato digiri nawa yake gabas ko yamma da layin da ya ratsa Greenwich a Landan. Changi yana digiri 1.36 arewa, 103.99 gabas. JFK yana 40.64 arewa, 73.78 yamma. Tunda ɗaya gabas ne ɗaya yamma, sai a haɗa longitud ɗin biyu, a samu tazarar digiri 177.77. Abin da muke nema shi ne kusurwar da garuruwan biyu suka buɗe idan aka tsaya a cibiyar duniya ana kallonsu. Ƙa'idar ita ce:

cos na kusurwar = (sin 1.36 × sin 40.64) + (cos 1.36 × cos 40.64 × cos 177.77)

Ɓangaren farko zai ba ka 0.0155, na biyu ya ba ka −0.7580, jimla −0.7425. Danna shift da cos, za ka ga kusan digiri 137.95. Kowane digiri ɗaya a kan babbar da'ira kilomita 111.2 ne, don idan ka ɗauki duniya a matsayin ƙwallo mai nisan kilomita 6,371 daga cibiya zuwa fata, ka raba kewayenta gida 360, abin da ke fitowa ke nan. Ninka 137.95 da 111.2, ka samu kimanin kilomita 15,340.

Ranar da na fara yin lissafin nan sai da na maimaita shi sau uku, don kilomita tara ko goma sun ɓace min. Ashe ba kuskurena ba ne. Duniya ba cikakken ƙwallo ba ce, ta ɗan taushe sama da ƙasa kamar kabewa. Daga cibiya zuwa ikweta kilomita 6,378 ne, daga cibiya zuwa ƙurewar arewa 6,357. Na'urar GPS da masu fitar da adadi na hukuma suna aiki da siffar kabewar ne, wadda 'yan sashenmu suka sani da WGS 84, ni kuwa da ƙwallo na yi. Wannan ne ma ya sa idan ka duba shafuka biyu ko uku za ka ga adadinsu ya ɗan saɓa da kilomita goma ko ashirin. A tafiyar dubu goma sha biyar, wannan ba abin tada jijiyar wuya ba ne.

Yanzu ka sake duban 177.77 ɗin nan. Saura ƙiris ya cika 180, wato New York kusan a bayan Singafo take, kamar ƙeya da goshi. Idan haka ne, zaren ba zai bi ta kunnen dama ko na hagu ba, ta tsakar ka zai hau. Gajeriyar hanyar tana tashi daga Singafo ta miƙe arewa kusan sak, ta ratsa Tailan da Sin da Mongoliya da Siberiya ta ƙasar Rasha, ta gifta ƙasa da kilomita 300 daga ƙurewar arewa, sannan ta gangaro ta arewacin Kanada. Har nan maganata ta wajen mai shayi tana tsaye da ƙafarta.

Inda na faɗi shi ne ɗaukar da na yi cewa jirgi gajeriyar hanya yake nema. Ba ita yake nema ba. Hanyar da za ta fi cin ɗan mai da ɗan lokaci yake nema, kuma waɗannan biyun ba kullum suke zama abu ɗaya ba.

Babban dalili iska ce. A can sama, wajen kilomita tara zuwa goma sha biyu inda manyan jirage ke tafiya, akwai wasu koguna na iska da ke gudu daga yamma zuwa gabas. Juyawar duniya da bambancin zafi tsakanin yankin ikweta da yankunan ƙanƙara ne ke haifar da su, kuma gudunsu kan wuce kilomita 200 a awa, musamman a lokacin hunturu. Duk wanda ya taɓa shiga kwalekwale ya san bin ruwa da saɓa wa ruwa ba ɗaya ba ne. Jirgi irin wannan yana keta iska da gudun kusan kilomita 900 a awa. Idan iskar da yake ciki ita ma tana tafiya inda za shi, gudunta ƙari ne kyauta. Mu yi misali da lambobi masu sauƙi. A ce ya bi ta ƙurewar arewa ba mai tura shi: 15,349 a raba da 900, awa 17 da 'yan mintoci. A ce kuma ya zagaya ta Pasifik ya ci kilomita 16,500, amma iska ta ƙara masa 100 a kowace awa: 16,500 a raba da 1,000, awa 16 da rabi. Hanyar ta fi tsawo da kilomita dubu da ɗoriya, amma ya riga isa, kuma injin ya sha mai na rabin awa ƙasa. A watan Fabrairun 2020 wata guguwa ta ƙara wa kogin iskar Atlantika ƙarfi, har wani Boeing 747 na British Airways ya yi New York zuwa Landan a awa 4 da minti 56, tafiyar da aka saba yi a sama da awa shida.

Ga abin da ya fi burge ni. Saboda garuruwan biyu ƙeya da goshi ne, zagayawa ta dama ko ta hagu kusan tsawonsu ɗaya. Don haka daga Singafo jirgin yakan yi gabas, ta Japan da arewacin Pasifik da Alaska da Kanada. Idan zai dawo, sau da yawa ba ya juyowa ta inda ya zo, don iskar da ta tura shi jiya yau a fuska za ta buge shi. Sai ya sake yin gabas, ya tsallake Atlantika, ya bi ta Turai, ya gangara ta wajen Indiya. Zuwa da dawowa, ya zagaye duniya ke nan. Kuma ba a kafe hanyar sau ɗaya a huta ba. Kafin kowane tashi akwai ma'aikata a ofis da ke duba hasashen iskar ranar su fitar da hanya, shi ya sa jirgin Litinin da na Talata ba lallai su ci kilomita iri ɗaya ba.

Dalili na biyu ba na Allah da Annabi ba ne, na mutane ne. Sararin sama yana da masu shi. Kowace ƙasa ita ke da ikon saman ƙasarta, tana karɓar kuɗi a kan jirgin da ya ratsa, tana kuma iya rufewa. Tun da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022, kamfanoni da yawa suka daina bi ta saman Rasha, wasu an hana su, wasu sun hana kansu. Ka tuna zarenmu ta Siberiya ya bi. Wannan kam mun ɗanɗana shi a gida. Gajeriyar hanyar Kano zuwa Jidda ta Cadi da Sudan da Bahar Maliya take. Da faɗa ya tashi a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe samaniyarta, sai jiragen alhazanmu na wannan shekarar suka koma zagaye, tafiyar ta ƙara tsawo, aka shiga ja-in-ja a kan wa zai biya kuɗin ƙarin man. Bayan 'yan watanni, a Agusta, Nijar ma ta rufe tata bayan juyin mulki, jiragen da ke tsakanin Turai da ƙasashen da ke kudu da ita suka yi ta kewaye. Kano ba ta matsa ba, Jidda ba ta matsa ba, 3,400 na nan yadda yake a takarda, amma kujerar maniyyaci ta ji a jikinta.

Sai kuma batun tsaro. Jirgi mai inji biyu ba a barinsa ya yi nisa da filin da zai iya sauka idan inji ɗaya ya mutu, ko fasinja ya kamu da ciwon da ba zai jira ba. Akwai iyakar mintocin da hukumomi ke yanka wa kowane samfurin jirgi, kuma a yankin ƙanƙara irin waɗannan filaye ba su da yawa. Wanda ya ce teku suke tsoro bai faɗi daidai ba, tunda tekun suke bi, amma aƙalla ya shinshino wani abu.

Shi kuwa mai maganar adaidaita sahu, nasa zancen ne ya fi kowanne rauni, duk da shi ya fi kowa ɗaga murya. Tikitin jirgi ba mita gare shi ba. An riga an karɓi kuɗinka tun kafin a tashi, duk kilomitar da aka ƙara a banza daga aljihun kamfani take fita. Jirgin da Airbus ya gyara musamman domin irin wannan tafiya, A350-900ULR, tankinsa yana ɗaukar lita 165,000. Tankar man da muke gani a titi mai lita 33,000, guda biyar ke nan cif. Matsalar ita ce mai nauyi ne da shi, kuma ɗaga nauyi mai yake ci. Man da za a ƙona a awa ta goma sha takwas sai an yi dakonsa tun daga awa ta farko, don haka wani kaso na man aikinsa kawai ɗaukar sauran man. Wannan na cikin dalilan da suka sa Singapore Airlines ya sa kujeru 161 kacal a ciki, alhali irinsa na yau da kullum yana ɗaukar mutum ɗari biyu da hamsin zuwa sama da ɗari uku. Babu ma ajin talaka a ciki, kujerun manya 67 ne da na masu matsakaicin ƙarfi 94. Matuƙa huɗu ke tafiya, biyu na aiki biyu na hutawa.

Lissafin nan ya taɓa kayar da kamfanin. Ya fara tashi kai tsaye zuwa Newark, filin da ke maƙwabtaka da New York, a 2004 da A340-500 mai inji huɗu. A 2013 ya dakatar, don jirgin shan mai gare shi kuma man ya yi tsada. Sai a 2018 ya dawo da sabon jirgi mai inji biyu, a Nuwambar 2020 kuma ya ƙara da JFK, wanda ya ɗara Newark nisa da 'yan kilomita kaɗan ya karɓe kambun tafiya mafi tsawo. A ganina wannan tarihi ya fi adadin kansa faɗin gaskiya. Nisan bai canja ba daga 2004 zuwa yau, abin da ya canja shi ne nawa ake kashewa a cinye shi. Kamfanin Qantas na Ostireliya ya daɗe yana shirin haɗa Sidni da Landan kai tsaye, kusan kilomita 17,000. Ya yi gwaji a 2019 daga Landan da mutane kaɗan a ciki, aka yi awa 19 da minti 19.

Wani tarko kuma da na ga ya kama mutane a teburin shayin shi ne agogo. Idan tikiti ya ce tashi ƙarfe 12 na rana, sauka 6:30 na yamma a rana ɗaya, ba awa shida da rabi aka yi ba. Kowane lokaci da agogon garinsa aka rubuta shi, kuma Singafo tana gaban New York da awa 12 a lokacin zafinsu, 13 a hunturu. Sai ka ƙara 12 ɗin nan, ka samu awa 18 da rabi. Ko alhaji da ya sauka Jidda sai ya tura agogonsa gaba da awa biyu.

Ga aikin gida ga mai sha'awa, tunda jarrabawa ta kusa kuma kalkuleta na hannu. Filin jirgin Malam Aminu Kano yana digiri 12.05 arewa, 8.52 gabas. Na Jidda yana 21.68 arewa, 39.16 gabas. Wannan karon duka biyun gabas suke, don haka ɗebewa za ka yi, ba haɗawa ba. Sa su a ƙa'idar da ke sama, ka ninka da 111.2. Ya kamata ka samu wajen 3,420. Idan abin da ya fito maka ya yi nesa da haka, duba saman allon kalkuletarka, a RAD take maimakon DEG.